Yadda Za Ka Canza Batirin Rimot ɗin Makullin Mota da Hannunka

Rimot ɗin mota ba ya mutuwa farat ɗaya, sai ya daɗe yana ba da alama. Da yana sabo, daga nesa za ka danna mota ta amsa. Bayan shekara biyu ko uku sai ka matso dab da ita, daga baya kuma sai ka danna sau biyu ko uku kafin ƙofa ta buɗe. Idan akwai 'yar jar fitila a jikinsa za ka ga haskenta ya dushe. Motocin da ake tayarwa da danna maɓalli sukan rubuta gargaɗi a allon gaban direba cewa batirin makulli ya yi ƙasa, wasu ma su ce babu makulli a cikin mota alhali yana aljihunka. Da sanyin safiyar hunturu abin ya fi bayyana, domin sanyi yana ƙara danne batirin da dama ya raunana.

A nan ne mutane da yawa ke tsorata. An cusa musu cewa da zarar an cire batiri saitin makulli ya goge, sai an kai wa mai kwamfuta ya sake haɗa shi da mota. A yawancin motoci wannan ba gaskiya ba ne. Lambar da makulli ke gaisawa da mota da ita tana ajiye ne a wurin da ba ya buƙatar wuta, ko makullin ya yi wata babu batiri tana nan. Aikin na minti biyar ne, kuma kai ma za ka iya. Abin da nake so ka riƙe shi ne batirin ba shi da tsada, amma makullin da yake ciki yana da tsada ƙwarai, don haka duk ɓarnar da ake yi a wannan aiki gaggawa ce ke jawo ta.

Idan ya riga ya mutu kana kan hanya

Bari mu fara da wanda ke tsaye a rana yanzu, mota ta ƙi buɗewa. Rimot ɗin da ba a ganin ƙarfe a jikinsa yana da ƙaramin makullin ƙarfe a ɓoye a ciki. Duba gefe ko baya, za ka ga ɗan maɓalli ko sakata. Danna ko ture shi, ka zaro ƙarfen. Ramin makulli yana hannun ƙofar direba. A wasu motoci an rufe shi da murfin roba mai launin mota, sai ka sa bakin ƙarfen a ɗan ramin da ke ƙarƙashin murfin ka ɗaga shi a hankali. Mai yiwuwa jiniyar ɓarayi ta tashi idan ka buɗe ta haka. Kada ka damu, za ta yi shiru idan ka tayar da mota.

Tayarwar kuma ga yadda take: taka birki, ka manna rimot ɗin a jikin maɓallin tayarwa, sannan ka danna. A Toyota da Lexus gefen da ke da tambari ake mannawa. Wasu motocin an yi musu rami na musamman da ake zura rimot ɗin, kusa da sitiyari ko cikin akwatin da ke tsakanin kujerun gaba. Dalilin da ya sa wannan ke aiki shi ne akwai ɗan cif a cikin makulli wanda ba ya shan wutar batiri. Idan ya matso sosai motar ce ke ba shi 'yar wutar da zai amsa da ita. Shi ya sa makulli mai ƙarfe da ake murɗawa yake tayar da mota ko batirinsa ya mutu murus, buɗe ƙofa daga nesa ne kawai ke tsayawa.

Sanin batirin da ya dace

Batiran nan masu faɗi kamar ƙwandala suna kama da juna, amma ba ɗaya ba ne. Kowanne da lambarsa a rubuce a fuskarsa, kuma lambar girmansa take faɗa. CR2032 faɗinsa milimita 20, kaurinsa milimita 3.2. CR2025 faɗinsu ɗaya amma kaurinsa 2.5, CR2016 kuma 1.6. Haka CR1616, CR1620 da CR1632, su faɗinsu milimita 16 ne. Dukkansu ƙarfin wutarsu 3V.

Wanda ya fi yawa a sababbin motoci shi ne CR2032. Honda Accord ta 2003 zuwa 2012, mai maɓallai a kan makullin ƙarfe, CR1616 take ɗauka. Corolla da Camry na wajen 2007 zuwa 2011 masu irin wannan makulli CR2016 ne, amma Camry ta waɗannan shekaru mai tayarwa da maɓalli CR1632 ce, haka ma Lexus RX 350 ta 2010 zuwa 2015. Makullin Mercedes mai gefen azurfa CR2025 ne, wani guda ɗaya, wani guda biyu. Na kawo waɗannan ne don ka san abin da za ka tarar, amma kada ka saya da ka. Mota iri ɗaya, shekara ɗaya, takan zo da makulli daban idan ɗaya ta Amurka ce ɗaya kuma ta Turai. Buɗe naka ka karanta, ko ka duba littafin motar idan ta zo da shi. Ka kuma tuna cewa motar hannu ta biyu wani ya riƙe ta kafin kai, kuma mai yiwuwa ya sa abin da ya samu ne; wasu makullan an rubuta lambar da ta dace a cikin murfinsu, ita ce abin dogaro.

Mai shago zai iya ce maka babu 2032 amma ga 2025, ai duk ɗaya ne. Zai shiga, zai ma yi aiki, sai dai yana kwance sako-sako, ka shiga gargada ya motsa wuta ta yanke, kuma ba ya daɗewa kamar mai kaurin. Idan aka juya, aka cusa 2032 a gurbin 2025, zai lanƙwasa ƙarafan da ke riƙe shi ko murfi ya ƙi rufuwa. Mafi muni shi ne dabarar ɗora 2016 guda biyu a gurbin 2032 guda ɗaya. Kaurin ya yi daidai, amma wutar ta zama 6V a wurin da aka yi domin 3V, kuma hakan na iya ƙona fanel ɗin, wato ɗan allon lantarkin da ke cikin makullin. Akwai kuma mai lamba LIR2032, na caji ne, wutarsa ta fi 3V. Bar shi a shago.

Sayen mai kyau

Jabun batiri ya cika kasuwa, kuma shi ne ke sa mutum ya canza yau, bayan wata biyu ya dawo gidan jiya, har ya fara zargin makullinsa. Sunayen da aka sani su ne Panasonic, Maxell, Murata, Renata, Energizer da Duracell. Suna kaɗai bai isa ba tunda shi ake kwaikwaya. Duba kwalin: rubutu ya fita tsaf, ba a buɗe shi an sake mannewa ba, kuma akwai kwanan watan ƙarewar aiki wanda ke da sauran shekaru a gaba. Guji wanda aka baza a faranti a rana, da wanda ake zubawa tsirara a gwangwani suna gugar juna, domin suna shanye wutar junansu. Kati mai guda biyar da ake sayarwa a kuɗin guda ɗaya ma ya isa ya sa ka tsaya ka yi tunani.

Ni na fi natsuwa da tsofaffin masu gyaran agogo da manyan shagunan kayan kwamfuta, saboda CR2032 shi ne batirin da ke riƙe agogon cikin kwamfuta, kayansu ba ya kwana. Manyan kantunan magani ma suna ajiye shi saboda na'urar gwajin suga. Idan mai shagon yana da mitar gwada wuta, roƙe shi ya gwada a gabanka: sabo yakan nuna 3.2 zuwa 3.3. Wanda ya nuna ƙasa da 3 tun ba a sa shi a komai ba ya riga ya tsufa. Sayi biyu, ka canza na makullin ajiya a rana ɗaya.

Kafin ka taɓa komai

Zauna a kan tebur inda akwai haske, ka shimfiɗa farin ƙyalle ko tawul. Kada ka yi wannan aiki a tsaye a bakin titi, ko a cikin mota inda abu zai faɗa ƙarƙashin kujera, ko a kan yashi. Ka tanadi ƙaramar sukudireba mai faɗin baki, da mai kan kuros irin ta masu gyaran agogo ko tabarau, da tsinken sakace, da salatif. Naɗe bakin sukudirebar da ɗan salatif don kada ta ci robar. Wuƙa da reza ba kayan wannan aiki ba ne. Ajiye wayarka kusa, za ka ɗauki hoto. Yara ƙanana kuma su yi nisa da teburin, zan faɗi dalili a gaba.

Buɗewa

Makullai iri uku ne suka fi yawa a hannun mutane, kowanne da hanyarsa.

Na farko shi ne rimot na motar da ake tayarwa da maɓalli. Zare makullin ƙarfen nan na ɓoye. A inda ya fito, ko dab da wurin, za ka ga wata 'yar tsaga. Sa bakin ƙarfen ko sukudireba a ciki ka murɗa kaɗan, kamar kana buɗe ƙofa. Murɗawa ake yi, ba a bankarawa. Za ka ji ƙas, baki ya buɗe. Daga nan bi gefen da farce ko tsohon katin waya har ɓangarorin biyu su rabu. A wasu makullan Mercedes ba a raba shi biyu. Ƙarfen ake turawa cikin ramin da ya fito, murfin baya ya ɗago ko tiren batiri ya zaro.

Na biyu shi ne mai ƙarfen da ke naɗewa ya fito da tsalle idan an danna, irin na Volkswagen, Peugeot, Hyundai da Kia. Fito da ƙarfen tukuna. A cikin kwarmin da yake kwanciya za ka samu wurin da za ka ɗaga murfin baya da babban yatsa ko sukudireba. Murfin batirin kaɗai za ka cire. Kada ka kwance ɓangaren da ƙarfen yake, akwai sifirin a ciki wanda mayar da shi ke cin rai.

Na uku shi ne makullin ƙarfe mai maɓallai a kansa. Na Honda yana da ɗan ƙaramin sukuru a baya, kuma wurin nan ne ake yawan ɓata shi, don an ɗaure shi tamau kuma kansa ba ya jure wasa. Nemi sukudirebar da ta zauna daram a kansa, kwantar da makullin a tebur, danna da ƙarfi sannan ka juya a hankali. Idan ka ji tana zamewa, dakata, ka nemi wata. In kan ya cinye sai an huda. Na Toyota wasu da sukuru, wasu tsaga ce kawai a gefe. Da ka buɗe za ka tarar da wani ƙaramin akwati a ciki mai ɗauke da maɓallan. Ciro shi, shi ma ka buɗe shi ta tsagarsa, batirin yana ciki.

Ga wurin da nake so ka fi mai da hankali. A irin wannan makulli na uku, da wasu masu naɗewa, cif ɗin da na ambata ba a jikin fanel yake ba. Wani ɗan baƙin abu ne, ko 'yar kwalba siririya da ba ta kai tsawon farce ba, a maƙale a wani lungu na robar. A tsohon makullin da ya sha faɗuwa yakan saki. Idan ya faɗi ba ka lura ba, za ka rufe makulli, rimot ya buɗe ƙofa lafiya lau, ka murɗa, mota ta yi ta kik ta ƙi tashi, fitilar makulli tana ƙyaftawa a gabanka. Daga nan sai neman mai kwamfuta da kashe kuɗin da ya ninka na batiri sau da yawa. Amfanin farin ƙyallen ke nan. Duk abin da ya faɗo a kai, komai ƙanƙantarsa, na makullin ne. Haka kuma idan wata rana robar ta fashe ka sayi sabon kes, sai ka ɗauke cif ɗin daga tsohon ka mayar cikin sabon kafin ka yar da komai.

Cirewa da sakawa

Kafin ka ɗaga tsohon batiri, ɗauki hotonsa yadda yake kwance. Fuskar da ke da rubutu da alamar + ita ce mai santsi da faɗi. A makullai da yawa ita ke kallonka, amma ba duka ba. A wasu na Nissan ƙasa take kallo. Hoton zai raba gardama.

Sa tsinken sakace a gefen batirin ka ɗago shi. Lura da ƙananan ƙarafan da ke riƙe shi: yawanci gefe ɗaya ƙugiya ce da batiri ke shiga ƙarƙashinta, ɗaya gefen kuma shi ke dannewa. Ta gefen da ke sakin za ka ɗaga. Idan ka ga farin gari ko kore-kore a kan ƙarafan, goge da auduga da ɗigon sifirit, ka bari ya bushe. Kada ka kankare fanel da ƙarfe, kada kuma ka yi ta shafa shi da yatsa.

Fito da sabon daga kwali ka riƙe shi ta gefe-gefe. Maiƙon hannu da gumi suna rage haɗuwar wuta, kuma kama shi sama da ƙasa da hantsakin ƙarfe yana zuƙe wutarsa. Duba bayansa, wasu kamfanoni suna manna 'yar takarda da sai an ɓare. Duracell kuma tana shafa wa wasu nata wani sinadari mai ɗaci don yara su tofar. Abu ne mai kyau, amma yakan hana wuta wucewa a wasu na'urori, don haka goge inda ƙarfe zai taɓa. Zura gefe ɗaya ƙarƙashin ƙugiyar, sannan ka danna ɗaya gefen har ya zauna. Idan makullin mai batiri biyu ne, canza duka biyun, kada ka haɗa tsoho da sabo.

Kafin ka rufe, tabbatar robar maɓallai ta koma gurbinta, zoben robar da ke hana ruwa shiga bai karkace ba. Haɗa ɓangarorin ka matse da yatsu zagaye har ka ji kowane lungu ya kama. Idan wani gefe ya ƙi, akwai abin da bai zauna ba. Buɗe ka duba maimakon ka matse da ƙarfi. Mayar da sukuru ba tare da ka ƙure shi ba, ka mayar da ƙarfen ɓoye.

Je wurin mota ka gwada kowane maɓalli: kullewa, buɗewa, but. Ja da baya ka sake gwadawa daga nesa. Sannan ka shiga ka tayar da ita, kada ka bar wannan sai gobe da safe.

Idan ya ƙi

Fara da abu mai sauƙi: an juya batirin, ko takardar bayansa tana nan, ko ƙarfen da ke taɓa shi ya kwanta. Idan ya kwanta, ɗago shi kaɗan da tsinke. Gwada wani batirin, don sabo ma yakan zo a mace. Daga nan ɗauko makullin ajiya. Idan shi yana aiki, matsalar tana jikin na farkon. Idan duka biyun sun ƙi, koma kan motar: batirinta, fis, ko na'urar da ke karɓar saƙon, wannan kuma aikin mai gyaran wutar mota ne.

Wasu motoci ƙalilan suna so a sake gabatar musu da rimot bayan canjin, kuma da kanka za ka yi. A Peugeot da yawa, ka sa makulli ka murɗa fitilun allo su kawo ba tare da ka tayar ba, nan take ka danna maɓallin kullewa na 'yan daƙiƙu, ka kashe ka zare. Sauran motoci kowace da nata tsarin a littafinta.

Idan maɓalli ɗaya ne ya ƙi sauran suna yi, ko sai ka matse makullin yake aiki, to dalma ce ta saki a ƙafar maɓallin ko a mariƙin batiri. Mai gyaran waya da ya iya hannunsa zai ɗinke ta cikin ɗan lokaci, ba sai ka sayi sabon makulli ba. Akwai kuma makullan da ba a yi su don a buɗe ba, kamar na tsofaffin BMW mai siffar lu'ulu'u, wanda batirinsa na caji ne a like da fanel, yana caji idan yana cikin ramin tayarwa mota tana tafiya. Irin wannan kai wa gwani.

Don ya daɗe

Rimot na motar maɓalli kullum a kunne yake yana sauraron mota, shi ya sa batirinsa ke ƙarewa tsakanin shekara ɗaya zuwa biyu ko uku, na makullin ƙarfe kuma ya fi haka. Kada ka riƙa ajiye shi kan talabijin, kusa da caja, kwamfuta ko waya. Toyota ta ce a ba shi tazarar mita ɗaya daga irin waɗannan. Idan motar tana kwana a jikin tagar ɗakinka, kai makullin can ciki, don kusancin yana sa su yi ta magana da juna. Kada ka bar shi a gaban gilashi a zafin bazara. A sababbin makullan Toyota akwai hanyar sa shi barci: riƙe maɓallin kullewa, ka danna na buɗewa sau biyu, fitila za ta ƙyafta sau huɗu. Danna kowane maɓalli zai tashe shi. Wannan ya dace da makullin ajiya. Idan kuma ya faɗa ruwa ko aka wanke shi cikin aljihu, buɗe ka cire batirin nan da nan, ka bar shi a buɗe a inuwa mai iska kwana ɗaya ko biyu, sannan ka sa sabo.

Tsohon batirin

Kada ka bar shi a kan tebur, kada ka jefa shi tsakar gida, kada ka ba yaro ya yi wasa da shi. Batirin da ya kasa buɗe mota yana da sauran wutar da za ta yi wa yaro mummunar illa. Idan ya haɗiye shi ya maƙale a maƙoshi, wutar tana haɗuwa da yawu ta haifar da sinadari mai ƙuna, kuma cikin awa biyu zai iya cin naman wurin. Masu faɗin milimita 20 ɗin nan su suka fi maƙalewa. Naɗe shi da salatif gaba da baya tun kana zaune, ka sa a kwalba mai murfi a inda hannun yaro ba ya kaiwa, kada kuma ya shiga sharar da za a ƙona, don yana fashewa a wuta. Sabon da ya rage a kwali shi ma a ɓoye shi.

Idan ana zargin yaro ya haɗiye, a tafi asibiti nan take ko da yana wasansa lafiya, domin alamun kan makara; in sun zo, su ne dalalar yawu, ƙin abinci, amai, tari ko kuka idan zai haɗiyi abu. Kada a sa shi amai, kada a ba shi abinci ko jiƙo. Idan ya haura shekara ɗaya, yana iya haɗiya, kuma abin bai wuce awa 12 da faruwa ba, a riƙa ba shi zuma ƙaramin cokali biyu duk minti goma a kan hanya, har sau shida. Tana rage ƙunar, amma ba ta fitar da batirin, kuma kada a tsaya nemanta idan babu a gida. Jaririn da bai kai shekara ba ba a ba shi zuma. Da an isa, a gaya wa ma'aikatan tun daga bakin ƙofa cewa batiri ne ya haɗiya, a faɗi lokacin, a nuna musu kwalin ko lambar, don a yi masa hoton ƙirji ba tare da jiran layi ba.